TSOHUWAR KWAMFUTA DA SABON FILASH: YADDA ZA A KWASHE TAKARDUN JAMA'A KAFIN SU SALWANTA



Na gode ƙwarai da kuka bar ayyukanku kuka hallara a nan Maiduguri domin ku saurari wannan jawabi. Abin da zan yi magana a kansa ƙarami ne a ido, bai fi tsawon ɗan yatsa ba, amma ya sha hana ma'aikata barci. Shi ne ɗan abin nan na adana rubutu da muke kira filash, da kuma rigimar da takan tashi idan aka soka shi a jikin tsohuwar kwamfuta ta ƙi karɓarsa.

Wani zai ce ina ruwan jama'a da wannan, ai aikin masu gyara ne. To, a cikin tsofaffin kwamfutocin nan da ke ofisoshinmu da makarantunmu da asibitocinmu ake ajiye sunayen masu jiran fansho, da sakamakon jarrabawar 'ya'yanmu, da bayanan filaye, da tarihin rashin lafiyar majiyyata. Ranar da irin wannan kwamfuta ta mutu ba tare da an kwashe abin da ke cikinta ba, wanda ya yi wa ƙasa aiki shekara 35 yana iya wayi gari ba shi da shaidar ko rana ɗaya.

Mutanen wannan birni ba sai an yi musu dogon bayani a kan hasara ba. A watan Janairu na 2021 an lalata turakun lantarki na layin da ya taso daga Damaturu, gari ya yi wata da watanni ba wutar gwamnati. Ranar 26 ga Fabrairu, 2023, gobara ta cinye Kasuwar Monday. Sa'an nan a ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da dama, ya kai fadar Mai Martaba Shehun Borno, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, shekara 30 ke nan bayan ambaliyar 1994. Ruwa da wuta ba su san takarda mai muhimmanci da maras muhimmanci ba. Abin da ke tsira shi ne wanda yake da kwafe a wani wuri dabam.

Wannan kuwa darasi ne da Borno ta daɗe da sani. Limamin Ngazargamu, Ahmad ibn Furtu, ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen Mai Idris Alauma a wajen 1576 da 1578. Birnin Ngazargamu kansa ya zama kango tun farkon ƙarni na 19, amma rubutun ya iso gare mu. Haka jerin sunayen sarakunan Sefawa, wanda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sami kwafensa a Kukawa cikin 1851. Dalilin tsirarsu guda ne: malamai sun riƙa kwafe su daga tsohuwar takarda zuwa sabuwa kafin tsohuwar ta ruɓe. Aikin da ke gabanmu yau shi ne wannan aikin, sai dai alƙalamin ne ya sake.

MENE NE ASALIN RIGIMAR?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja da ke tafiyar da ita, wadda ita ce ke farkawa idan an kunna, ita ce kuma ke ba kowane sashe umurni. Mafi yawan kwamfutocin ofisoshinmu suna aiki ne da Windows ta kamfanin Microsoft, wadda take da zubi iri iri: Windows 95, Windows 98, Windows 2000, Windows XP ta 2001, Windows 7 ta 2009, har zuwa na yanzu. Ita babbar manhaja ta san abubuwan zamaninta ne kawai. Abin da aka ƙirƙiro bayan an gama rubuta ta baƙo ne a wurinta, sai an gabatar mata da shi.

Ramin nan mai kusurwa huɗu da ake soka filash, wanda ake kira USB, an fito da ƙa'idarsa ta farko ne cikin 1996. Shi kuwa filash bai shiga kasuwa ba sai 2000, lokacin da wani kamfani na Singafo mai suna Trek ya fito da ThumbDrive, kamfanin IBM kuma ya sayar da wani mai suna DiskOnKey mai ɗaukar megabait 8. Kafin wannan, da ɗan faifan nan na fulofi ake yawo da rubutu, wanda ba ya ɗaukar fiye da megabait 1.44. Filash mai gigabait 32 da ake saye a yau yana ɗaukar abin da fulofi fiye da 20,000 za su ɗauka. Saboda haka idan kwamfutar da aka ƙera a 1998 ta ga irin wannan baƙo ta yi shiru, ba lalacewa ta yi ba, rashin sani ne.

Na taɓa ganin haka da idona a wani ofis da na yi aikin fassara. Wani dattijon akawu yana da jerin sunayen ma'aikata na shekaru masu yawa a cikin kwamfuta mai Windows 98. Ya sayo sabon filash babba da kuɗinsa, ya soka, kwamfuta ta ce tana neman wani abu da bai gane ba. Sai wani saurayi mai ɗan sanin kwamfuta ya ba da shawara a share ta gaba ɗaya a zuba mata sabuwar manhaja. Da an bi wannan shawara, da aikin shekaru ya tafi cikin minti biyar. Allah ya sa dattijon ya ce a dakata. Bayan kwana biyu, da wani tsohon ƙaramin filash da faifan CD guda, aka kwashe komai lafiya. Ashe gaskiyar Bahaushe ne da ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Dalilan da ke sa tsohuwar kwamfuta ta ƙi filash guda huɗu ne, kuma kowanne da maganinsa. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

DALILI NA FARKO: RASHIN TAFINTA

Kowace na'ura da aka haɗa da kwamfuta tana bukatar wata 'yar ƙaramar manhaja da masu gyara ke kira direba. Wannan direba ba mai tuƙa mota ba ne, tafinta ne tsakanin babbar manhaja da baƙon da aka kawo mata. Ni da nake cin abinci da fassara na san yadda mutum biyu masu hankali kan zauna suna kallon juna idan babu mai isar da maganar wannan ga wancan.

Windows 2000 da Windows Me da Windows XP da duk na bayansu sun zo da tafintan filash a cikinsu, da an soka sai su gane shi. Amma Windows 98, har da gyararren zubinta na 1999 da ake kira Second Edition, ba ta zo da shi ba. A wancan zamani kowane filash yakan zo da faifan direbansa a cikin kwali. Masu ƙera filash sun daina haka da daɗewa, Microsoft ma ta janye hannunta daga Windows 98 tun ranar 11 ga Yuli, 2006.

Maganin wannan shi ne wani direba na gama-gari mai suna NUSB, wanda masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci suka haɗa don Windows 98 Second Edition, yana kuma karɓar filash iri iri. Sai dai a lura da abu uku. Na ɗaya, ba Microsoft ce ta fitar da shi ba, yana kuma sauya wasu fayilolin babbar manhaja, don haka wanda ya san aiki ne zai sa shi, bayan an kwafe mafi muhimmancin takardu a kan fulofi ko an buga su a takarda. Na biyu, tilas harshensa ya dace da harshen Windows ɗin da ke kan kwamfutar. Wannan ya shafe mu a nan Borno, domin muna maƙwabtaka da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma kwamfutoci masu Faransanci sukan shigo hannunmu. Na uku, tun da kwamfutar ba ta karɓar filash, ba ta filash za a kai mata direban ba. Sai a sauko da shi a wata kwamfuta, a zuba shi a faifan CD, a kawo mata.

Windows NT 4.0 da zubin farko na Windows 95 kuwa ba su san USB ba sam. Kada a ɓata lokaci a kansu, akwai wata hanya da zan ambata a gaba.

Windows 7 ma tana da tata 'yar matsala. Ta gane filash sarai, amma ba ta zo da direban USB 3.0 ba, watau ramukan nan da galibi akan yi wa cikinsu shuɗin launi. Idan an soka filash a shuɗin rami ba ta amsa ba, a mayar da shi baƙin rami. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

DALILI NA BIYU: TSARIN AJIYA

Kafin akawu ya fara rubutu a sabon littafin rajista, sai ya ja layuka ya raba shafi gida gida. Haka filash yake: kafin ya karɓi komai sai an tsara cikinsa, abin da masu gyara ke kira fomatin. Tsare-tsaren kuwa iri iri ne, kuma tsohuwar manhaja ba ta iya karanta sabon tsari.

Tsarin da kusan kowace kwamfuta ta sani shi ne FAT32, wanda ya fito cikin 1996. Windows 98 tana karanta shi, XP tana karanta shi, na yau ma haka. Akwai NTFS, wanda Windows 2000 da XP suka sani amma Windows 98 ba ta sani ba. Akwai kuma exFAT na 2006, wanda galibin manyan filash masu gigabait 64 zuwa sama suke zuwa da shi daga masana'anta. Windows XP ba ta karanta exFAT sai an ƙara mata wani gyara mai lamba KB955704 da Microsoft ta fitar a 2009.

A nan ne babban haɗari yake, ina roƙonku ku riƙe wannan ko da kun manta da sauran jawabina. Idan aka soka filash mai tsarin da kwamfuta ba ta sani ba, takan fito da saƙo cewa ba a tsara wannan faifai ba, ko kana so a tsara shi yanzu? Duk wanda ya amsa da i, ya share dukan abin da ke cikin filash ɗin. Amsar ita ce a'a. A cire shi, a kai shi sabuwar kwamfuta, za a tarar da komai yana nan.

Maganin kuwa mai sauƙi ne. A nemi ƙaramin filash wanda bai wuce gigabait 32 ba, kuma ga Windows 98 gwamma mai gigabait 2 ko 4 idan an samu. A tabbatar babu komai a cikinsa, a kai shi sabuwar kwamfuta a tsara shi da FAT32, sa'an nan a kawo wa tsohuwar. An zaɓi wannan iyaka ne domin Windows 2000 da XP da 7 da 10 ba sa yarda su tsara faifan da ya fi gigabait 32 da FAT32. Wata iyakar kuma ita ce, a wannan tsari fayil guda ba ya kai gigabait 4. Takardun ofis ba sa kusantar wannan girma, sai dai hoton bidiyo ko babbar taskar bayanai, waɗanda za a iya rarraba su kashi kashi.

Game da manyan faifan ajiya na waje, Windows XP da aka saba gani a ofisoshi ba ta gane tsarin rabon faifai da ake kira GPT, wanda akan yi wa faifan da ya wuce terabait 2. Ƙaramin faifai ya fi dacewa da ita.

DALILI NA UKU: RAMI DA ƘARFIN WUTA

Wani lokaci laifin ba na manhaja ba ne. Ƙurar hunturu da muka sani a wannan gari takan cika ramin USB har ƙarfe ya kasa taɓa ƙarfe. A kashe kwamfutar, a zare wayarta daga bango, a hure ramin ko a share shi da busasshen buroshi mai laushi. Kada a sa ruwa, kada a tsokana shi da allura ko tsinken ƙarfe. A kan kwamfutar tebur, ramukan baya sun fi na gaba aminci, domin su a manne suke da babban allon na'urar, na gaba kuwa da waya aka jawo su, wayar kuma takan kwance.

Sai maganar ƙarfin wuta. Ramin USB 2.0 yana ba da bolt 5 da miliamfa 500, na USB 3.0 kuma miliamfa 900. Wannan ya ishi filash, amma faifan waje mai juyawa yakan nemi fiye da abin da tsohon rami ke bayarwa. Alamarsa ita ce a ji yana ƙas ƙas, fitilarsa na kamawa tana ɗaukewa. A cire shi nan da nan, a nemo masa marabar USB mai wayar wutarta dabam, ko kuma a koma ga filash.

Akwai kuma ɗan batir mai kama da kwabo a kan allon kwamfuta, mai lamba CR2032, wanda ke riƙe kwanan wata da saitin farko da ake kira BIOS. Idan ya mutu, kwamfuta takan manta da saitinta, kwanan wata ya koma baya da shekaru. Sai mai gyara ya sauya batirin, ya shiga BIOS ya duba ko ramukan USB a buɗe suke, ya kuma gyara kwanan wata, domin takardar da ta ɗauki kwanan watan ƙarya takan jawo gardama daga baya.

A kuma yi haƙuri da jinkiri. USB 1.1 na 1998 yana gudun megabit 12 a daƙiƙa, USB 2.0 na 2000 kuwa 480, watau ninki 40. A tsohon rami, gigabait ɗaya yakan ci fiye da minti 15. Windows XP ma ba ta amfani da saurin USB 2.0 sai an sa mata gyaran nan na Service Pack 1 na 2002 ko na bayansa. Sannu ba ta hana zuwa. Sai dai kada a fara kwafe alhali wuta ba ta da tabbas. A haɗa kwamfutar da batirin ko-ta-kwana da ake kira UPS, ko a jira janareta ya daidaita, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana iya rikita tsarin filash gaba ɗaya. Idan an gama, a bi ta alamar nan ta cirewa lafiya da ke ƙasan allo kafin a zare.

DALILI NA HUƊU: SUNAN FAIFAI DA FILASH NA JABU

Windows tana ba kowane faifai harafi: C ga na cikin kwamfuta, D ga na CD, da sauransu. A ofisoshin da aka haɗa kwamfutoci da juna, Windows XP takan ba filash harafin da wani faifai na haɗin ofis ya riga ya riƙe. Sai a ji ƙarar shigarsa amma a neme shi a rasa. A buɗe sashen da ake kira Disk Management, za a gan shi a can, a sauya masa harafi, sai ya bayyana.

Filash na jabu kuma ya cika kasuwanni, a nan da sauran ƙasashen duniya. Akan ɗauki mai ƙaramin ciki a yi masa dabara ya riƙa nuna babban adadi. Yana karɓar duk abin da aka zuba masa ba musu, amma da ya cika ainihin cikinsa, sai abin da aka ƙara ya lalace ko ya danne na farko. Mai shi ba zai sani ba sai ranar bukata. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna H2testw, daga Jamus, wadda ke cika filash da rubutu ta sake karantawa ta faɗi gaskiyar girmansa. A gwada kowane sabon filash da ita tun yana fanko. Wanda kuma aka yi wa tayin babban filash da kuɗin ƙarami, to ya san araha ba ta ado.

IDAN DUK WANNAN YA FASKARA

Akwai hanya biyu da ba sa bukatar yardar tsohuwar manhaja. Ta farko ita ce a tayar da kwamfutar da faifan CD mai ɗauke da babbar manhajar Linux, irin su Knoppix ko Puppy Linux. Waɗannan suna aiki daga kan faifan ba tare da an zuba su a kwamfutar ba, suna ganin faifan ciki, suna kuma gane filash, sai a kwafe daga wannan zuwa wancan. Ta biyu ita ce mai gyara ya buɗe kwamfutar ya ciro faifan ciki, ya haɗa shi da sabuwar kwamfuta ta hanyar wata mahaɗa da ke mayar da tsohuwar faffaɗar wayar IDE ta koma USB. Wannan ita ce hanyar Windows 95 da NT, da kuma kwamfutar da ta daina tashi alhali faifanta na da rai. Wanda ruwa ya taɓa kuwa, kada a kunna shi don gwaji, a kai wa ƙwararre. Kuma duk lokacin da za a yi wannan aiki a kan takardun hukuma, a yi shi cikin ofis a gaban jami'in da ke da alhakinsu.

HATTARA DA CUTAR KWAMFUTA

Filash kamar ƙoƙon randa ne a bakin kasuwa, baki da yawa ke taɓa shi. Cutar kwamfuta mai suna Conficker da ta ɓulla a ƙarshen 2008 ta yaɗu ta filash zuwa miliyoyin kwamfutoci. Wata kuma mai suna Stuxnet, da aka gano a 2010, an tsara ta ne ta bi filash ta isa na'urorin da ba su haɗe da intanet, ta kuma yi ɓarna a tashar nukiliya ta Natanz a Iran. Windows XP ta kasance tana buɗe umurnin da ke kan filash da kanta da zarar an soka shi, har sai da Microsoft ta rarraba gyaran da ya toshe wannan kafa a Fabrairu 2011. Kwamfutar da ba ta taɓa hawa intanet ba, mai yiwuwa ba ta sami gyaran ba har yau.

Saboda haka a keɓe filash guda don wannan aiki kaɗai. Kada a kai shi shagon buga takardu, kada a ara wa kowa. Bayan an kwafe, a fara bincike shi da manhajar rigakafi a sabuwar kwamfuta kafin a buɗe komai. Idan kuma aka tarar manyan foldoji sun ɓace, wasu gumaka masu 'yar kibiya sun maye gurbinsu, kada a danna su, kada kuma a yi fomatin. Galibi cutar ɓoye takardun ta yi, suna nan, mai gyara zai fito da su.

A tuna kuma cewa Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Filash mai ɗauke da sunayen majiyyata ko albashin ma'aikata ba abin sawa a aljihu a tafi kasuwa ba ne. Wurinsa akwatin ƙarfe mai makulli.

BAYAN AN KWAFE

Kwafewa rabin aiki ce. A buɗe takardun a sabuwar kwamfuta a tabbatar suna karantuwa. Waɗanda aka rubuta da tsofaffin manhajoji irin su WordPerfect da Lotus 1-2-3 da dBase, manhajar kyauta ta LibreOffice tana buɗe da yawa daga cikinsu, sai a sake adana su a sabon tsari, a kuma yi musu kwafen PDF. Ga masu rubutun Hausa da Kanuri ina da gargaɗi na musamman, domin na sha wuya a kansa. A da, haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da harafin ǝ na Kanuri, da wasu salon haruffa na musamman ake buga su. Idan aka kwafe takarda aka bar salon haruffan a baya, sai kalmomin su fito da alamomi barkatai. A kwafe foldar haruffan tare da takardun.

Sa'an nan kada a mayar da filash rumbun dindindin. Yana riƙe rubutu ne da ɗan cajin lantarki wanda ke zurarewa a hankali, zafi kuma yana gaggauta zurarewar. Kun san zafin Maiduguri a watan Afrilu, inda ma'auni kan haura digiri 40. Ƙa'idar da masana ajiya suka yarda da ita ita ce kwafe uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini dabam, in da hali a wani gari. Ambaliyar 2024 ta nuna mana cewa kwafe biyu a ɗaki ɗaya daidai suke da kwafe ɗaya.

Wataƙila akwai kwamfutocin da ba za a iya rabuwa da su yanzu ba, kamar waɗanda ke tafiyar da na'urar gwaji a asibiti ko ɗakin bincike, wadda manhajarta ba ta aiki sai da tsohuwar Windows. Irin waɗannan a bar su suna aikinsu, amma a raba su da intanet, a riƙa kwashe abin da suka tara a kai a kai. Microsoft ta daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilu, 2014, ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu, 2020, kulawar yau da kullum ga Windows 10 ma ta ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar da muke kira sabuwa yau, ita ce tsohuwar gobe, wata rana kuma wani zai tsaya a gabanta da wata na'ura da ba ta sani ba.

Don haka, jama'a, roƙona gare ku shi ne, kowa idan ya koma wurin aikinsa gobe da safe, ya ƙidaya tsofaffin kwamfutocin da ke ƙarƙashinsa, ya rubuta wace Windows ce a kan kowacce da abin da ke cikinta, ya nemi ƙaramin filash mai tsarin FAT32, ya fara da takardun da rayuwar mutane ta rataya a kansu. Wanda ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa ya dakata, ya tambayi wanda ya sani, kada ya share komai. Ba a fafe gora ranar tafiya.